Ledar da ke Rataye a Ƙusa: Magana a kan Ƙarin Ruwa da Jinya a Gida

(Kiɗan buɗe shiri. A sassauta, murya ta shigo.)

 Masu sauraro na gida, da na kasuwa da rediyo ke rataye a rumfa, da direbobin da ke bisa hanya, Allah ya sa muna lafiya. Waɗanda ke kwance kuma, da masu jinyarsu da suka kwana ba su runtsa ba, sannunku, Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ne.

Yau maganarmu a kan ƙarin ruwa take, musamman wanda ake yi a cikin gida. Ba sai na kwatanta muku shi da yawa ba. An sauke kalanda daga ƙusar bango an rataya leda, siririyar roba ta sauko zuwa bayan hannun wanda ke kwance a katifa, an manna filasta, 'yan dubiya na shigowa suna cewa, "Ashe abin har ya kai ga ƙarin ruwa? Sannu." Shi kuwa wanda ya saka ruwan ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya bar sallahu cewa idan ledar ta kusa ƙarewa a buga masa waya.

Zan fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada ku ɗauka daga littafi kawai nake magana.

Wata bazara, shekarun baya, gwaggona ta kwanta. Tsohuwa ce mai hawan jini, ƙafafunta sun daɗe suna ɗan kumbura, mu kuwa mun ɗauka tsufa ne. Ta yi kwana biyu ba ta cin abin kirki, sai kasala. Muka taru muka yanke shawara cewa ruwan jikinta ne ya ƙare. Aka kira wani saurayi da ke taimakawa a wani kemis, mai ladabi, mai saurin zuwa idan an kira shi. Ya saka leda ɗaya ta ƙare, ya saka ta biyu, ya ce zai je ya dawo. Wani daga cikinmu ya ga ɗigon yana tafiyar hawainiya, ya ɗan murza maɓallin da ke jikin robar don a gama kafin magariba. Ledar ba ta kai rabi ba gwaggo ta fara tari. Ta ce a tashe ta zaune, ba ta iya numfashi a kwance. Kafin mu samo mota tana haki kamar wadda aka shaƙe. A asibiti likita ya ɗora abin saurarensa a bayanta, ya ce ruwa ya taru a huhu, aka yi mata allurar da ke sa fitsari, aka sa mata iskar numfashi. Allah ya yi da sauran kwananta. Amma har yau ban manta tambayar da likitan ya yi mana ba: "Wa ya ce a saka mata ruwa?" Muka yi tsit, domin mu ne muka ce. Ba wanda ya auna ta, ba wanda ya saurari ƙirjinta. Ƙauna ce ta sa muka yi, kuma ƙaunar ta kusa raba mu da ita.

To, mene ne a cikin ledar nan da muke girmamawa haka?

Wadda aka fi sakawa, ruwa ne tsaftatacce da gishiri irin na miya, giram 9 a kowace lita. Ku riƙe wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babban mutum kada gishirin da zai ci a yini ya kai giram 5. Leda biyu masu rabin lita-rabin lita ke nan sun zuba wa mutum kusan ninkin gishirin yini guda, kai tsaye cikin jini. Sai ta biyu, mai sukari, wadda aka rubuta 5% a jikinta. Ledar rabin lita tana ɗauke da giram 25 na sukari, wato kamar ƙaramin cokalin shayi shida. Kwalbar lemo ɗaya ta fi ta sukari. Kofin kunun gyaɗa ko koko da ƙosai biyu sun fi ta ciyar da jiki nesa ba kusa ba. Akwai ta uku da ake kira Ringa, mai gishiri iri-iri da aka haɗa don su yi kama da ruwan da ke cikin jininmu, wadda likitoci suka fi so ga mai amai da gudawa mai tsanani. Launin rawaya kuwa da wasu ke cewa "a sa mini mai kalar nan, ta fi ƙarfi", sinadarin bitamin B ne aka tsiyaya a ciki. Yawancinsa fitsari ke fitar da shi, shi ya sa fitsarin ke yin rawaya sosai bayan an gama.

Babu jini a cikin leda, kuma ba ta ƙara jini. Matar da tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat, tana jiri, zuciyarta na bugawa da sauri, ƙarancin jini ke damunta. Idan aka ɗura mata ruwa, ɗan jinin da ya rage ne aka tsinka, kamar a ƙara ruwa a miyar da dama ba ta da kauri. Awon jini take bukata, a gano inda yake tafiya.

Kada wani ya ji wannan ya ce na raina ƙarin ruwa. Wallahi ban raina shi ba. Yana cikin manyan ni'imomin da aikin likita ya samu, kuma tarihinsa ma abin ji ne. A shekarar 1832 annobar kwalara ta auka wa Birtaniya. A garin Lis, kusa da Edinbara a ƙasar Sikotilan, wani likita mai suna Thomas Latta ya karanta binciken da ya nuna cewa jinin masu kwalara ya rasa ruwa da gishiri. Sai ya yi abin da ba a saba ba: ya haɗa ruwan gishiri ya tura shi ta jijiyar wata tsohuwa da kowa ya fid da rai da ita. Cikin ɗan lokaci idonta ya buɗe, bugun jininta ya dawo, ta yi magana. Likitan ya gaji, ya tafi ya huta. Bayan tafiyarsa amai da gudawa suka dawo, cikin 'yan sa'o'i ta rasu. Tun a majinyaciya ta farko ke nan abin ya nuna halinsa: yana tayar da wanda ya kusa tafiya, amma yana son a zauna a kansa.

Sai kuma ɗaya rabin tarihin, wanda ya fi shafar gidajenmu. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, miliyoyin mutane suka tsallaka Indiya gudun hijira, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu. A sansanin Bangaon ledojin ruwa suka ƙare, masu iya saka su ma ba su da yawa. Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari da ruwa a manyan durom-durom, ya ce 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su da kofi, kaɗan-kaɗan, ba ƙaƙƙautawa. Mace-macen da suka kai kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. Iyaye mata da kofi a hannu ne suka yi wannan aiki.

Sirrin abin yana cikin hanji. Allah ya yi shi da wasu ƙofofi da ba sa shigar da gishiri sosai sai ya zo tare da sukari, idan kuma su biyun suka shige sai ruwa ya bi su. Ko gudawa na tsuga, ƙofofin nan suna aiki. Kuma ga wata hikima: abin da ya bi ta baki, jiki ne ke ɗibar gwargwadon bukatarsa, idan ya ƙoshi ƙishirwa ta ɗauke, mutum ya ture kofi. Abin da ya bi ta jijiya kuwa ba ya neman izini. Ko jiki na so ko ba ya so, ya riga ya shiga, kuma ba a iya zuƙo shi a mayar cikin leda.

Don haka ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce, muddin baki na karɓa, a bar jijiya ta huta. Uwargida, idan yaro ya fara gudawa, a samo ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wato ORS, a duba jikin takardar a ga yawan ruwan da aka ce, galibi lita ɗaya, wato ledar ruwan sha biyu masu 50cl. A ba shi da cokali ko kofi. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Haɗin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo. A haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a janye nono ko abinci. Idan dare ne ba ƙunshin a gida, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye.

Yaushe ne kuma ƙarin ruwa ya zama dole? Lokacin da baki ya gaza. Mutum ya galabaita har ba ya iya haɗiya, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ido ya faɗa, an ja fatar ciki ta tsaya ba ta koma ba, hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ɗauke, jariri maɗigarsa ta lotsa yana kuka ba hawaye. Mun ga irin wannan a 2021, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mai irin wannan hali ƙarin ruwa ne ke tsakaninsa da kabari, da izinin Allah. Sai dai ku lura da wani abu, jama'a. Wanda ya kai wannan matsayi ya wuce jinyar ɗaki. Yana bukatar leda da yawa cikin sauri, da mai duba shi kowane ɗan lokaci, da wurin da za a kashe ƙwayar cutar da ke cikin bayan gidansa don kada ta bi gidan kaf. Wanda kuma bai kai nan ba, kofi ya ishe shi. Idan aka cire waɗannan biyun, waɗanda ƙarin ruwa a gida ya dace da su ba su da yawa kamar yadda muke zato.

(Gajeren kiɗa.)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ƙarin ruwa da jinya a gida.

Bari in dawo kan gwaggona, in faɗa muku abin da ya faru a cikin ƙirjinta. Jinin babban mutum gaba ɗaya kamar lita biyar ne. Zuciya ce famfon da ke juya shi, ƙoda kuma ita ce magudanar da ke fitar da rarar ruwa. Mai lafiya idan aka ƙara masa lita ɗaya, zai yi ta zirga-zirgar fitsari, shi ke nan. Amma zuciyar da hawan jini na shekaru ya gajiyar, ko ƙodar da ta fara rauni, ba za su iya da wannan kaya ba. Ruwan sai ya nemi wurin zama, kuma wuri mafi sauƙi shi ne huhu. Mutum na kwance a kan gadonsa, ba kogi ba tafki, amma nutsewa yake yi. Abin tsoron shi ne ciwon ƙoda kan daɗe bai nuna kansa ba, kuma alamominsa na farko, kasala da rashin son abinci da tashin zuciya, su ne dai alamomin da ke sa mu ce a kira mai saka ruwa.

Mai juna biyu da ƙafa da fuska suka kumbura, kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi, wannan hawan jinin ciki ne da ke kaiwa ga jijjiga. Ita ma huhunta na saurin cika. Maigida, kada ka tsaya neman leda, nemi mota. Mai ciwon suga kuma da aka rataya masa leda mai sukari ba a auna shi ba, an ƙara wa wuta fetur.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaro mai tamowa. Idonsa a faɗe, fatarsa a yamutse, duk wanda ya gan shi zai rantse ruwa ne babu a jikinsa. Alhali yunwa ce ta cinye tsokarsa, har da tsokar zuciyarsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ba a saka wa irin wannan yaro ruwa ta jijiya sai in jininsa ya faɗi warwas, shi ma a asibiti, ana ƙirga numfashinsa da bugun zuciyarsa. Akwai ruwan sha na musamman da madara ta musamman da ake ba su a cibiyoyin tamowa.

Su kansu likitoci sun sha mamaki a kan wannan batu. A 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, da yawansu maleriya, ba masu gudawa ba. An daɗe ana ganin cewa tura wa irin waɗannan yara ruwa da sauri a tashin farko yana ceton su. Da aka ƙirga, cikin kwana biyu yaran da aka tura wa ruwan da sauri sun mutu fiye da 10 cikin 100, waɗanda ba a tura wa ba kuwa kimanin 7 cikin 100. A asibiti ke nan, a hannun ƙwararru. To ina ga yaro mai zazzaɓi a ɗakin uwarsa, an buɗe masa ledar manya?

Maganar buɗe leda ta kawo ni ga ɗan maɓallin nan mai taya da ke jikin roba. A irin robar da aka fi amfani da ita, ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya. Ledar rabin lita ɗigo 10,000 ke nan. Idan likita ya ce ta tafi cikin awa takwas, ɗigo 21 ne a minti. Ma'aikaciyar jinya ta gaskiya za ka ga ta tsaya da agogo tana ƙirgawa, ba don ɓata lokaci ba, wannan ƙirgen shi ne awon maganin. Wanda ya murza maɓallin don a gama da wuri, daidai yake da wanda ya haɗiye ƙwayoyin yini uku a tashi ɗaya. Don Allah, 'yan dubiya da masu jinya, hannu ya bar wurin nan, sai dai in rufewa za a yi.

Sannan ita kanta allurar. Fata katanga ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramar robar da ake bari a jijiya, wadda ake kira kanula, ƙofa ce a buɗe daga waje zuwa cikin jini. Hannun da ba a wanke ba, wurin da ba a goge da sifirit ba, kanular da aka bari kwana da kwanaki ana wanka ana alwala da ita, duk hanyoyi ne. Idan wurin ya yi ja, ya yi zafi, jijiyar ta yi tauri kamar igiya, ko hannun ya kumbura ya yi sanyi saboda ruwan ya kauce yana zuba a tsoka, a rufe, a cire. Ledar da ruwanta ya gurɓace, ko tana yoyo, ko wa'adinta ya wuce, ko babu lambar NAFDAC a jikinta, ba ta shiga jikin mutum. Sirinji da allura a ɓare su a gabanka. Ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna bin allurar da aka maimaita. Kuma duk maganin da aka tura ta jijiya, ko da bitamin ne, yana iya tayar wa wani da borin jini mai tsanani cikin mintuna, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya toshe. Maganin wannan allurar adirenalin ce, nan take. Wanda ya zo saka ruwa babu ita a jakarsa, ko ya saka ya tafi, bai shirya wa wannan ba.

Yanzu kada a ce na hana kiran ma'aikacin jinya gida. Ina! Ni mai goyon bayan jinyar gida ce ƙwarai, kuma na san dalilan da ke sa mutane gudun asibiti: layi tun asuba, kuɗin gado, kuɗin mota, rashin wanda za a bar wa yara, tsohon da ya rantse ba zai kwana a asibiti ba, matar da ba ta son namiji ya duba ta. Waɗannan ba shirme ba ne. Kuma akwai majinyatan da gida ya fi musu asibiti alheri. Abin da nake so mu gyara shi ne abin da muke kiran nas ta zo ta yi.

Ku ɗauki dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo shi daga asibiti. Abin da zai kashe shi a watannin farko sau da yawa ba shanyewar ba ce. Gyambon kwanciya ne da ke farawa da ɗan ja a ƙugu ko diddige, ya zurma har ƙashi. Shaƙewa ce, kunu ya bi ta hanyar iska ya zama ciwon huhu. Robar fitsari ce da aka bari ta yi datti. Ƙwararriyar nas idan ta shigo irin wannan gida, za ta yaye zane ta duba bayansa da ɗuwawunsa, ta koya wa 'ya'yansa juya shi duk bayan awa biyu, ta nuna inda za a sa matashi, ta nuna yadda za a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci da irin kaurin da kunun zai yi, ta motsa masa gaɓoɓi don kada su sandare, ta auna hawan jini ta rubuta a littafi. Haka mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, haka maijego da aka yi wa aiki ana wanke mata ɗinki, haka mai sikila da ke bukatar wanda ya san ciwon da za a iya lallaɓawa a gida da ruwan sha da maganin zafi, da wanda ya taɓa ƙirji dole a ruga asibiti. Duk wannan aiki babu leda a cikinsa. Amma sai ka ji an ce, "Ta zo ba ta yi komai ba, ko ruwa ba ta saka ba." Wannan maganar tana ci mini rai, domin ita ce ke tura ma'aikata masu raunin zuciya su rataya leda don a ga sun yi aiki a biya su. Ranar da nas ta duba mahaifinka ta ce ba ya bukatar ruwa, a dama masa kunu, ka biya ta hakkinta cikakke har da godiya.

Akwai lokutan da likita da kansa zai tsara a ci gaba da allurar jijiya ko ƙarin ruwa a gida, misali ƙarasa kwanakin maganin ƙwayoyin cuta bayan sallama. Wannan daidai ne, in dai likitan ya ga majinyacin, ya rubuta irin ruwan da yawansa da awannin da zai ɗauka, kuma mai sakawar zai zauna har a gama.

Wa ya cancanci ya taɓa jijiyar ɗan uwanka? A Najeriya nas da ungozoma suna da rajista da lasisi daga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta ƙasa. Ma'aikatan lafiya na al'umma su ma suna da hukumarsu, da littafin da ya iyakance musu abin da za su yi da abin da za su tura gaba. Mai kemis kuwa, lasisin da hukumar PCN mai kula da harkar magunguna ke ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba, komai daɗewarsa a unguwa, komai kirkinsa. Wanda ya koyi aiki a hannu a wani asibitin kuɗi yana iya fin kowa iya samun jijiya, amma samun jijiya shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Sanin wanda bai kamata a saka wa ba, shi ake shekaru ana karantawa. A Kano akwai hukumar PHIMA mai sa ido a kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, 'yan uwanmu na Nijar kuma, inda ake ce wa ledar serom, suna da cibiyoyin lafiya na CSI kusa da su. Tambayar mutum takardarsa ba cin fuska ba ne. Ka ce, "Malama, don Allah a wane asibiti kike aiki, kuma wane likita za mu kira in wani abu ya taso?" Mai gaskiya ba za ta ji haushi ba.

Ku kuma 'yan uwana ma'aikatan jinya da ke zagaya gidaje bayan an tashi aiki, na san albashi ba ya kaiwa, na san maƙwabta ba sa barin ku ku huta. Ku tuna zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ne farkon waɗanda aka san ya kashe. Farkonsa ba shi da bambanci da abin da muke kira maleriya da taifod. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani kwana da kwanaki, musamman da rani, ba na sa hannu cikin jini ba safar hannu ba ne. Ku tura shi asibiti, don kanku da 'ya'yanku. Allurar da kuka gama da ita kuma ku tafi da ita a kwalinta, kada ta ƙare a bola inda yara ke tsince-tsince.

Wani sabon salo kuma ya shigo manyan biranenmu daga Amurka da Dubai, ana tallarsa a Instagram da TikTok: ƙarin ruwa ga mai lafiya garau, wai don ƙarin kuzari, ko wanke jiki, ko hasken fata kafin biki. A Amurkan ma, a 2018 hukumar kare masu saye ta ƙasar ta ɗauki mataki a kan wani kamfani da ke cewa irin wannan ruwa yana maganin manyan cututtuka ba tare da hujja ba. Sinadarin gulutatayon da ake ɗura wa 'yan mata don fari, hukumar magunguna ta ƙasar Filifin, inda abin ya yi yawa, ta yi gargaɗi a kansa saboda haɗarinsa ga ƙoda da hanta da fata. Ƙannena amare, ƙodar da Allah ya ba ku ita ce mai wanke jiki, ba dare ba rana. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Da azumi kuma, musamman in ya faɗo a watannin zafi irin na Sakkwato da Maiduguri da Yola inda awon zafi ke haura 40, wasu kan sa a rataya musu leda da rana don su kai magariba. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa ruwan da ke ciyar da jiki ta jijiya yana karya azumi, sai kowa ya tambayi malaminsa. Ta fuskar lafiya dai, wanda jikinsa ya kai ga neman leda mara lafiya ne, kuma addini ya riga ya yi masa rangwame.

Saura magana ɗaya mai nauyi, zan faɗe ta a hankali. Idan tsoho ko mai doguwar jinya ya zo gargara, yakan daina ci da sha. Iyali hankalinsu ya tashi, su ce ba za a bar shi da ƙishirwa ba, a saka ruwa. Na san wannan zafin. Amma a kwanakin ƙarshe jiki ba ya iya sarrafa ruwa, sai ya taru a ƙirji da ƙafafu, numfashi ya ƙara wahala. Sau da yawa abin da ya fi ba shi sauƙi shi ne a jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta ana goga masa a leɓe da harshe, a ɗiga masa ruwa kaɗan in yana iya haɗiya, a shafa masa mai a leɓe, a gyara masa kwanciya, a zauna kusa da shi ana tuna masa kalmar shahada. Ku yi shawara da likitansa, kada ku ɗauka rashin leda sakaci ne.

Idan kuma yanzu haka da nake magana akwai leda a rataye a ɗakinku, to ku dubi majinyacin. In ya fara tari ko haki, ko ya ce a tashe shi zaune, ko fuskarsa da fatar idonsa sun kumbura, ko jikinsa ya ɗau rawar sanyi, ko ƙaiƙayi da borin jini sun feso, ko an sha leda guda babu fitsari, ku murza tayar nan ƙasa har ɗigon ya tsaya cak. Ku zaunar da shi, ku jingina shi da matashi, ƙafafu a ƙasa in haki yake yi. Kada ku jira wanda ya saka ya dawo. Ku tafi asibiti mafi kusa, ku ɗauki ledar da duk kwalaben da aka zuba a cikinta, domin likita zai so ya ga abin da ya shiga da yawansa.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da gyambon kwanciya shi kaɗai, yadda ake gane shi tun yana ja, da yadda mutum biyu za su juya babban mutum ba tare da sun ji wa bayansu ciwo ba. Masu jinya, a tanadi takarda da alƙalami. A madadin waɗanda suka haɗa mana sauti, nake cewa Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri.)